Cajin Obadiraf: A Kai Banki Kotu Ko A Bi Ta Wata Hanya?

Maman Khalifa (Manchesta):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana biyu ke nan abin ya hana ni barci. Ina gyaran ɗaki na ci karo da wata jaka cike da tsofaffin takardun banki, na zauna ina dubawa. Tun daga 2016 har ƙarshen 2019, da wuya wata ya wuce ba a cire min kuɗi ba saboda na zarce abin da ke asusuna. Wani watan fam 30, wani fam 75, akwai wanda ya kai fam 90. Wanda ya fi ci min rai, kuɗin waya ne fam 11 ya fita saura kwana biyu albashi ya shigo, shi ya ja min cajin da ya ninka shi kusan sau uku. Kuma ranar da suka zo cire cajin a wata na gaba, shi ne ke sake jefa ni cikin ramin, sai a ɗora min wani a kansa. Na yi lissafi da biro, ya haura fam 2,300.

Daga 2020 sun daina wancan, sai kuɗin ruwa. Amma har yau ban fita daga obadiraf ɗin ba, wato rancen da banki ke ba ka idan ka zarce abin da ke asusunka. Albashi ya shigo ya cike rabin ramin, kafin tsakiyar wata na koma inda na fito. Aikin kula da tsofaffi nake yi, ga yara uku. Wata abokiyar aikina ta ce mijinta ya taɓa kai banki kotu an mayar masa da kuɗinsa duka. Da gaske ana yin haka?

Baba Direba (Bamingham):
Wa'alaikumussalam 'yata. Ana yi, don ni da kaina na yi a farkon 2007. Na fara rubuta musu su ba ni bayanan asusuna na shekara shida, a lokacin fam 10 ake biya, doka ta ba su kwana 40 su kawo. Na jera kowane caji da kwanan watansa. Na aika wasiƙa ta farko na ba su kwana 14, suka amsa cewa cajinsu na kan ƙa'ida. Na aika ta biyu ta gargaɗi, wani kwana 14, suka ce za su ba ni rabi. Na ƙi. Na shigar da ƙara ta shafin Money Claim Online na shigar da ƙarar kuɗi a intanet, na haɗa da kashi 8 cikin ɗari da doka ta yarda a nema. Lauyoyinsu suka turo takardar kariya mai kauri, har gabana ya faɗi. Saura mako biyu a zauna sai ga cek na fam 1,840, wai kyautatawa ce, ba wai sun amsa laifi ba. Ban taka ƙofar kotun ba.

Hujjarmu a lokacin mai sauƙi ce. Kwamfuta ce ke dawo da biyan, ta buga wasiƙa ta turo maka. Wannan aikin bai kai fam 35 ba, to nawa ya ci ku? Babu bankin da ya yarda ya zo gaban alƙali ya buɗe wannan lissafin, shi ya sa suka riƙa biya. Ki kai su, haƙƙinki ne. Abu ɗaya dai, ki buɗe asusu a wani banki tukuna, don ni bayan sun biya ni rufe nawa suka yi.

Baban Ummi (Landan):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mutanenmu tsoron kotu ne ke cutar mu a ƙasar nan. Ƙananan ƙararraki har fam 10,000 ba ka buƙatar lauya, kuma ko ka faɗi ba a ɗora maka kuɗin lauyansu. Maman Khalifa, me kike jira?

Anti Mai Shawara (Lids):
Maman Khalifa, don Allah kada ki biya ko sisi na shigar da ƙara sai kin karanta wannan. Aikina ke nan, ba masu bashi shawara, kuma irin takardun da kike magana kusan kullum sai sun zo teburina.

Baba, duk abin da ka faɗa haka ya faru, kuma Allah ya sa ka shiga a kan gaba. Ƙofar da ka bi ce aka rufe bayanka da 'yan watanni.

A watan Afrilu 2006 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta lokacin, OFT, ta ce cajin jinkirin biya a katin bashi idan ya wuce fam 12 za ta ɗauke shi a matsayin na zalunci. Jama'a suka ce to ai haka na asusun banki yake. Martin Lewis, ɗan jarida mai ba jama'a shawara kan kuɗi, da ƙungiyoyin masu amfani da banki suka saka samfurin wasiƙu a intanet, mutane suka sauke su da miliyoyi, ƙananan kotuna suka cika. A watan Yuli 2007 OFT da bankuna suka yarda a kai maganar Babbar Kotu a yanke ta sau ɗaya. Bankuna bakwai ne, Abbey National, Barclays, Clydesdale, HBOS, HSBC, Lloyds TSB da Royal Bank of Scotland, sai Nationwide ta takwas. Tun daga ranar aka dakatar da koke-koke, in ban da na waɗanda ke cikin matsi, har waɗanda ke jira suka haura miliyan ɗaya.

A watan Afrilu 2008 Mai Shari'a Andrew Smith ya ce OFT na da hurumin auna adalcin cajin. Amma a hukuncin nasa ya ce cajin da ke cikin sharuɗɗan da bankuna ke aiki da su ba tara ba ce ta saɓa yarjejeniya, domin wanda ya zarce kuɗinsa bai karya alƙawari ba, rance ya nema. Rabin hujjar su Baba ta tafi a nan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan OFT a Fabrairu 2009, kowa ya fara lissafin abin da zai karɓa. Sai ranar 25 ga Nuwamba 2009 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar bakinsu ɗaya, ta ba bankuna gaskiya.

Dalilinta shi ne, dokar 1999 ta sharuɗɗan da ba na adalci ba ta hana a auna ko farashi ya yi tsada idan aka kwatanta da hidimar da aka yi maka, muddin an rubuta shi da harshe bayyananne. Kotun ta ce wannan caji wani ɓangare ne na farashin asusun baki ɗaya, da katin, da na'urar cire kuɗi, da komai. Saboda haka tambayar "nawa ya ci ku?" ba ta da wurin zama. A watan Disamba OFT ta janye. Duk wanda ya shigar da ƙara yau da waccan wasiƙar ta 2007, lauyan banki zai ajiye wannan hukunci a gaban alƙali ya nemi a kori ƙarar.

Baban Ummi (Landan):
Anti, da girmamawa, na karanta labarin hukuncin nan. Kotun Ƙoli ba ta ce cajin na adalci ne ba. Ta ce dai ba za a auna shi ta fuskar tsada ba. Ai wannan ba rufe ƙofa ba ne gaba ɗaya. Ga kuma sashe na 140A na dokar bashi ta 1974, wanda ya ba kotu ikon duba ko dangantakar mai bashi da wanda ake bi ta zama ta zalunci. Kuma a ƙarƙashinsa banki ne zai tabbatar da cewa ya yi adalci, ba Maman Khalifa ce za ta tabbatar an zalunce ta ba.

Anti Mai Shawara (Lids):
Baban Ummi, ka karanta daidai, ba na musun ko ɗaya. Alƙalan da kansu sun nuna cewa tambayar da aka kawo musu 'yar ƙarama ce, kuma akwai wasu fuskokin da ba a kawo ba. Sashe na 140A ma yana da ƙarfi, da shi aka ci shari'ar Plevin a Kotun Ƙoli a 2014 kan inshorar bashi.

Amma mu dubi wadda za ta tsaya gaban alƙalin. Ƙarar fam 2,300 kuɗin shigarwarta fam 115 ne, ga kuɗin zama daban idan aka kai ga sauraro. Za ta ɗauki hutu daga aikin da ake biyanta da awa. Za ta rubuta hujjar doka da kanta, ta tsaya gaban wanda aikinsa ke nan kullum. Sai babbar matsala, wa'adi: a Ingila shekara shida ne ƙa'idar, kuma cajinta na 2016 zuwa 2019 ne. Abu na farko da banki zai ce shi ne lokaci ya wuce. Ana iya jayayya da wannan a ƙarƙashin 140A tunda asusun har yanzu a buɗe yake, amma jayayyar lauyoyi ce. Kuma ko wani ya ci a ƙaramar kotu a wani gari, hukuncin ba ya ɗaure alƙalin da ke Manchesta. Ni ba zan tura uwa mai yara uku ta zuba kuɗin cefanenta a nan ba alhali akwai hanyar da ba a biyan komai.

Baba Direba (Bamingham):
To 'yata, ke nan mu da muka samu sa'a muka ci? Abin da ciwo. Na san mutane a masallacinmu da suka shigar bayana da wata uku, aka ajiye nasu fiye da shekara biyu, daga ƙarshe wasiƙa kawai suka samu.

Ɗan Autan Gida (Kobentiri):
Ni dai bari in faɗi abin da ba a so. Duk wanda ya buɗe asusu ya sa hannu, kuma cajin a rubuce yake. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni shekara goma ina ƙasar nan ban taɓa biyan ko fam ɗaya ba, domin ina duba asusuna. In aka mayar wa kowa, mu da muke kiyayewa za a fara caja kuɗin wata.

Maman Khalifa (Manchesta):
Ƙanena, Allah ya ci gaba da rufa maka asiri. Ni ma ina duba nawa, kullum. Dubawar ba ta ƙara kuɗi a ciki. Awannin aikina ba su da tabbas, wani mako 40 wani 18, amma haya da wuta ranarsu ɗaya ce.

Baba Direba (Bamingham):
Ɗan Auta, maganarka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ke damuna. Asusun da kake ganin kyauta ne, wani ne ke biya maka. OFT ta ƙiyasta cewa a 2006 bankuna sun samu fam biliyan 2.6 daga irin wannan caji. Daga baya FCA, hukumar da ke sa ido kan bankuna, ta gano cewa a 2016 fiye da rabin cajin zarce iyaka ya fito ne daga aljihun kashi 1.5 cikin ɗari na masu asusu, kuma mazauna unguwannin talakawa ne suka fi biya. Mai kula da tsofaffi ce ke ɗauke wa mai babban albashi kuɗin asusunsa. Sa hannu kuma, a ina za ka je ba ka sa ba? Albashi ba a ba ka a hannu, mai gida ba ya karɓar tsabar kuɗi, kuma dukkan manyan bankunan tsarinsu iri ɗaya ne a lokacin.

Ɗan Autan Gida (Kobentiri):
Na ji, Baba. Maman Khalifa ki yafe min, ban yi nufin ɓata miki ba. Amma gyaran da aka yi a 2020 fa? An hana caji na rana da na wata, an ce kada wanda ya zarce iyaka ya biya fiye da wanda ya nemi izini. Sai bankunan kusan duka suka tsaya wajen kashi 40 cikin ɗari a shekara. Yayana da ke da obadiraf na izini yanzu ya fi biya. An sayar da biri an sayi kare.

Anti Mai Shawara (Lids):
Ga wasu haka ne, ga wanda ke zarcewa da fam 11 na kwana biyu kuwa sauƙi ne babba, yanzu kwabbai zai biya. Amma cikin gyaran akwai abin da ya shafi Maman Khalifa kai tsaye, shi nake so mu koma kansa.

Tun Disamba 2019 FCA ta wajabta wa bankuna su riƙa gano masu zama cikin obadiraf wata da watanni, su tuntuɓe su, idan kuma akwai alamun matsi su taimaka musu su fita. Obadiraf na ɗan lokaci ne. Wadda ta shekara da shekaru ba ta ga asusunta ya kwana da kuɗinta ba, biya yana dawowa, caji na haifar da caji, duk wannan a gaban idon banki yake, domin shi ke riƙe da asusun. Don haka kokenki ba zai ce "cajin ya yi yawa" ba, wannan an gama da shi a 2009. Zai ce kun ga halin da nake ciki, kuna sabunta min wannan rance duk shekara, kuna cin riba a kai, ba ku yi abin da ya wajaba a kanku ba. Irin wannan koken ofishin Ombudsman na harkar kuɗi, mai raba gardama tsakanin bankuna da masu asusu, yana saurara, kuma yana duba abin da ya dace da adalci a halin mutum, ba harafin doka kaɗai ba. Idan ya ba ki gaskiya, yawanci yakan ce a cire kuɗin ruwa da cajin tun daga lokacin da ya kamata banki ya farga.

Ki fara rubuta wa bankin koke, ki sa kalmar koke a sarari. Suna da mako 8 su ba ki amsar ƙarshe. Daga ranar amsar kina da wata 6 ki kai wa Ombudsman, kyauta. Shi ma yana da wa'adin shekara shida, ko shekara uku daga lokacin da ya kamata ki san akwai abin kuka, saboda haka ba na miki alƙawarin na 2016. Ki saka su duka a ciki, ki bar su su yanke. Kuma idan hukuncinsa bai yi miki ba kina iya ƙin karɓa, kotun da Baban Ummi ke so tana nan. Idan kika karɓa ne ya ɗaure bankin, ke ma maganar ta ƙare a nan.

Baban Ummi (Landan):
Wannan na ƙarshen ne ya sa na sassauta. In dai kotun ba ta kuɓuce mata ba, to a fara da na kyauta. Amma har yanzu ina ganin da a ce mutane sun ci gaba da kai ƙara ta sauran fuskokin bayan 2009, da ba a jira har 2020 ba.

Ɗalibi (Gilasgo):
Ƙarin bayani ga waɗanda ke nan Sikotland: wa'adinmu shekara biyar ne, ba shida ba, kuma ƙananan ƙararraki iyakarsu fam 5,000. Ombudsman ɗin dai ɗaya ne a duk Birtaniya.

Malam Na Masallaci (Biradfod):
Assalamu alaikum. Na ga Baba ya ambaci kashi 8 cikin ɗari, kuma na san akwai masu tambaya a zuci. Abin da aka cire daga asusunki, 'yar uwa, dukiyarki ce, neman a dawo miki da ita babu laifi a ciki. Allah ya ce a cikin Baƙara, aya ta 279, kuna da asalin dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Ƙarin da za a ɗora a kai da sunan ruwa kuwa, abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne a fitar da shi a ba mabuƙata ba da niyyar neman lada ba. Idan ke kanki kina cikin tsananin buƙata, ki zauna da malamin da ya san halinki ki tambaye shi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yar uwarmu ta yi shekaru tana biyan riba muna tare da ita ba mu sani ba. Aya ta gaba, ta 280, ta ce a jinkirta wa mai bashi idan yana cikin ƙunci. Muna tara kuɗin walima da na suna, amma ba mu da asusun rance mara ruwa ko na fam 500. Zan kawo maganar a zamanmu na gaba, in sha Allah.

Maman Khalifa (Manchesta):
Na gode Malam. Kunya ce ta hana ni faɗa, ko 'yan adashenmu ba su sani ba.

Anti, tsorona ɗaya: in na yi koke ba za su ce in biya obadiraf ɗin gaba ɗaya ba? Fam 1,200 ne, ba ni da shi. Kuma wani kamfani ya turo min saƙo a Facebook cewa za su karɓo min ba sai na biya komai ba sai an ci.

Anti Mai Shawara (Lids):
Kamfanin ki bar su. Wasiƙar da za ki iya rubutawa a shafi ɗaya za su rubuta, su yanki kaso mai tsoka. Mafi muni, idan banki ya zuba abin da aka mayar miki cikin ramin obadiraf maimakon ya ba ki a hannu, kamfanin zai biyo ki da nasa kason a tsabar kuɗi. Ki sani ma haka ake yi: ana fara cike bashin ne, abin da ya saura shi ne naki.

Tsoron naki kuma yana da tushe, domin obadiraf rance ne da banki ke iya nema a kowane lokaci, kuma idan kin ce ya fi ƙarfinki suna iya rage shi ko su janye shi. Amma ƙa'ida ta hana su yi wa wanda ke cikin matsi haka ba tare da tsarin biya da zai iya ba. A nan shawarar Baba ta yi aiki: kafin ki aika koken, ki buɗe asusun asali mara caji a bankin da ba shi da alaƙa da wannan, ki mayar da albashinki da kuɗin yara can. Sannan ki kira StepChange ko National Debtline, ko ki je Citizens Advice, ƙungiyoyi ne masu ba da shawara kan bashi, duk kyauta ne. Idan akwai wasu basukan, ki tambaye su shirin Breathing Space, yana dakatar da ruwa da caji na kwana 60.

Baba Direba (Bamingham):
Ina da kwafin wasiƙuna na 2007 a cikin akwati, da na ce zan turo mata.

Anti Mai Shawara (Lids):
Jadawalin da ka jera cajin da kwanan wata, shi ka turo mata, Baba, zai yi mata amfani sosai. Wasiƙun kuwa hujjar tara ce a ciki, idan ta saka ta za su amsa mata da hukuncin 2009 su rufe fayil, ba su ko duba halin da take ciki ba.

Maman Khalifa (Manchesta):
Na koma cikin jakar yanzu. Na ga wasiƙa ta 2021 da suka ce sun lura ina yawan amfani da obadiraf, in kira su idan ina buƙatar taimako. Na tuna na kira, wata ta ce in riƙa lura da kashe kuɗina, shi ke nan. Bayan wata biyar kuma suka ƙara min iyakar daga fam 800 zuwa 1,200. Wannan zai cutar da ni ne tunda sun rubuto?

Anti Mai Shawara (Lids):
Ki adana ta da kyau, ita ce kan gaba a hujjarki. Da hannunsu suka rubuta cewa sun gani, kin kira, sannan suka ƙara miki bashin. Ki nemi su ba ki dukkan bayanan da suke da su a kanki, har da rikodin wannan kiran da bayanin da ma'aikaciyar ta rubuta. Yanzu ba a biyan fam 10 ɗin zamanin Baba, kuma wata ɗaya suke da shi su kawo. Ki rubuta kwanan watan da kika aika a bayan ambulan, ki ajiye kwafi. Idan kin gama rubuta koken ki turo min ta akwatin sirri in duba miki kafin ki aika, amma ki rufe lambar asusun.

Maman Khalifa (Manchesta):
To Anti. Gobe ina aikin dare, jibi da safe zan je in buɗe sabon asusun. Baba, ina jiran jadawalin.